Kujerar Mama a Kan Dandamali

…kuma wai lambar yabo. Lambar yabo! Ozella tana zaune a layin ƙarshe na zauren unguwarsu a Chicago, jaka a cinya, haƙora a cije. Manyan New York sun taru sun ce wasan kwaikwayon da ƙanenta Cleophus ya rubuta ya fi na kowa bana, sun tafa masa, sun sa hotonsa a jarida. To sai me? Masana'antun Chicago a rufe, magidanta na bin layin miyar sadaka da hula a hannu, shi kuwa ƙanen nata ya samo hajar sayarwa: asirin gidansu.

Ita ta yi wankau har fatar hannunta ta saɓule don ya zauna ya yi karatu. Nata karatun a tsofaffin jaridun naɗe kaya ta tsince shi, ba wanda ya koya mata ko baƙi ɗaya. Sakayyar kenan? A tsiraita Mama gaban duniya?

Ta riga ta rantse. Da an fito da kujerar Mama a wasan za ta miƙe ta faɗa kowa ya ji — ɓarawo ne, daga yau ba ta da ƙane. Shi kaɗai ya rage mata, ta sani… oho dai.

Labule ya buɗe. Ɗakinsu ne, har da tsagar bangon. Ga wata siririyar 'yar wasa wai ita ce Mama. Ke yarinya, ja ƙafar mana, ai Mama gwiwa ke damunta! Ga 'yan sandan wasa suna jidar kaya waje, katifa, tukwane —

ƙanƙara. Ranar da abin ya faru da gaske, ƙanƙara ke zuba. Kuɗin haya ya gagara, kaya zube a titi, Mama a kan kujerarta mai lilo, ta sa hular zuwa coci don kada a raina ta. A wasu unguwannin in an fitar da kayan mutum, maƙwabta kan taru su mayar ciki, kowa ya san haka. A layinsu fa? Labulen tagogi kawai ke motsi. Kowa na tsoron gobe shi ne. Mama ba ta ga ƙarshen sanyin nan ba…

Ga ta. Kujerar. Tsaya — wannan ai ba ta wasa ba ce. Ga wayar da Ozella ta ɗaure hannun kujerar na hagu da ita. Ashe shi ya ajiye ta duk shekarun nan, ɗan banzan yaro, bai taɓa faɗa ba?

Yanzu ne. Tashi, Ozella. Buɗe baki —

"Kai! Ajiye kujerar nan!"

Ba muryarta ba ce. Tsoho Purvis ne, maƙwabcinsu na sama, wanda ya ja labulensa ranar. Yana dogara sanda, yana hawa dandamali da kyar.

"Baba, wasa ne fa," in ji ɗan sandan, murya ƙasa-ƙasa.

"Wasan gidanku! Sau ɗaya na tsaya kallo, ya ishe ni."

Dariya… a'a, ba dariya ba ce, ƙarar kujeru ce. Hattie mai kitso ta cafe tukunya. Samari biyu sun ɗaga katifa. Layi guda ya tashi, na bayansa ya bi, duk waɗannan fuskokin na bayan taga, sun tsufa, sun rame, suna mayar da kaya cikin ɗakin katako da fenti. Ina kuke ranar? Ina kuke, munafukai… to ga su dai. Sun makara, amma ga su.

Cleophus na gefen dandamali cikin kwat ɗin aro. An ɓata masa wasa, wasan lambar yabo guda, shi kuwa kuka yake baki buɗe kamar ranar da ta fara kai shi makaranta. Idonsa na yawo layi-layi. Ita yake nema. Leɓensa na motsi — Yaya.

Tana tsaye. Yaushe ta miƙe? Me ma za ta ce? Purvis kuwa ya kama kujerar ta hannun hagu, mai raunin, zai ƙarasa ta, tsohon kawai, ba nan ake riƙewa ba —

Ƙafafunta sun riga ta yin gaba. Za ta zagi Cleophus, ai zagi kam sai ya sha… amma bari a shigar da Mama ciki tukuna.