Tsatsar Takobin Hagiwara

"Ki yi shiru mana, Mitsue-san! Yawunki zai faɗa kan takobin."

"Ai ban ce komai ba."

"Ga shi kin sake cewa."

Ya ninke farar takarda ya miƙo mini, na cije ta da leɓɓana kamar yadda ya nuna. Ni da shekarata sittin da takwas, har da jikoki, ga ni durƙushe a tabarma da takarda a baki, wai don kada numfashina ya taɓa ƙarfe. Hagiwara-sensei, wato Malam Hagiwara, ya jingina da filo yana bin hannuna da ido. Na goge tsohon man daga ƙasa zuwa tsini, na ɗiga man kanumfari a ƙyalle na shafa sabo, na mayar da takobin kubensa a hankali. Sai a lokacin ya saki numfashi.

"Ba laifi," in ji shi. "Ga mai awara dai, ba laifi."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da shagona na awara a nan garin Seki. Shekara hamsin mutane na kawo masa tsofaffin takubba, ya duba ya faɗi maƙerin da zamanin, kuma in ya faɗa an gama. Tun da matarsa ta rasu nake kai masa awara mai ɗumi kowace safiya, in share masa gida, in yi masa faɗa a kan ƙurar littattafansa. Ni dai ba na iya ganin datti in wuce, haka aka haife ni. A daminar nan hannunsa ya kama rawa, idonsa ya dushe, likita kuma ya faɗi abin da ya faɗa game da huhunsa. Sai ya rabar da takubbansa, ya bar guda ɗaya.

Gajere ne, bai kai kamu ɗaya ba, kube da ƙotarsa na farin itace, ba ado, ba sunan maƙeri. A kansa suka ɓata da Kuwabara, amininsa tun suna koyon sana'a a gidan malami ɗaya. Sensei ya ce takobin ya shekara ɗari shida. Kuwabara ya miƙe a gaban taron masana ya ce kwaikwayo ne, bai wuce ɗari biyu ba, an yi masa dabara ne ya yi kamar tsoho. Aka yi dariya. Shekara arba'in ke nan ba su sake shan shayi tare ba, alhali tashar jirgin ƙasa uku ce tsakaninsu.

"Ranar Lahadi zai zo," Sensei ya ce da ni a ranar. "Ya ji ina mutuwa, wai zai sake dubawa."

"Tsofaffi biyu da ƙafa ɗaya a rami, kuna gaba a kan wuƙa."

"Ba wuƙa ba ce. Ni dai in ji ya ce, 'Toku, kai ne da gaskiya.' Bayan wannan ko awararki ba na so."

Toku sunansa ne na yanka. Ya faɗa da murmushi, amma na san shi, da gaske yake. Na tausaya masa ƙwarai, duk da ban bari ya gani ba.

Ranar Alhamis numfashi ya yi masa wuya, aka tafi da shi asibiti a zuƙe ruwan ƙirjinsa. Ana sa shi a mota ya kamo hannun rigata. "Ki sake goge shi kafin Lahadi. Ki zare ƙusar gorar da ke riƙe da ƙotar, ki cire ƙotar, ki goge har wuyansa. Kada ya same shi da danshi."

Asabar da hantsi na rufe shago na shiga gidansa. Na wanke hannu, na rusuna wa takobin, na cije takarda, ban tsallake ko ɗaya ba. Na ture ƙusar, ƙotar ta zame. Ban taɓa ganin abin da ke cikinta ba sai ranar. Gindin ƙarfen, inda yake shiga cikin itace, baƙi ƙirin da tsatsa, kamar gindin tukunyar da aka manta a bayan gida.

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ka ga namiji ke nan, ya ƙyalƙyale inda ake gani ya bar ƙazanta a ɓoye. Ga baƙo na zuwa, baƙon ma wanda ke neman abin kushewa. A gidan da nake sharewa? Na koma shago na ɗauko soson ƙarfe da toka. Tsatsar nan ta yi taurin kai, na fi awa ɗaya ina dirza, har yatsuna suka yi ja. Da na gama ya yi fari tas, ina ganin inuwar fuskata a ciki. Na mayar da ƙotar ina jin daɗin kaina, har da 'yar waƙa.

Da yamma aka dawo da shi gida, likita ya ce ba sauran abin da za su yi.

Lahadi aka tashi da yayyafi. Kuwabara ya iso da lema da sanda, dogo siriri, ya sa baƙar riga kamar an riga an yi rasuwar. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki yana kallon wanda ke kwance.

"Ka rame, Toku."

"Kai kuma ka ƙara muni. Zauna."

Na zuba shayi na koma gefe. Kuwabara ya rusuna wa takobin, ya cije takardarsa, ya zare shi. Ya daɗe yana juya shi a hasken taga. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa da shessheƙar numfashin Sensei. Can ya ture ƙusar ya cire ƙotar.

Takardar ta faɗo daga bakinsa. Ya dubi ƙarfen, ya dubi Sensei, sannan ya juyo ya dube ni, ya sauke ido a kan yatsuna. Ni kuwa har na gyara zama ina jiran yabo.

"To?" in ji Sensei. Daga inda yake kwance ba ya gani. "Ka dubi launin tsatsar da kyau. Ka gaya mini wane ɗan damfara ne zai iya haɗa irin wannan baƙin da gishiri da laka."

Kuwabara ya kawar da fuska daga kaifin, ya ce, "Tsohon gaske ne, Toku. Kai ne da gaskiya."

Sensei ya ce, "Da wuri haka? Kai? Miƙo mini."

"Ka huta mana."

"Na ce ka miƙo."

Gindin takobi shi kaɗai ne wurin da suke taɓawa da tsirarar hannu. Sensei ya ɗora babban yatsansa, ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Ya tsaya. Ya sake shafawa, a hankali, kamar mai laluben wani abu da ya faɗi a duhu. Na ga fuskarsa ta canza, ban san dalili ba.

"Shekara arba'in kana ci mini fuska, ba ka taɓa yi mini ƙarya ba," ya ce da Kuwabara. "Sai yau?"

Kuwabara ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Toku. Yanzu ba wanda zai sani."

"Me ya faru ne?" na tambaya. "Tsatsa ce fa kawai na cire."

Kuwabara ne ya amsa, bai ko ɗaga murya ba. "Mitsue-san, a tsatsar ake karanta shekarun. Ita na zo gani."

Ban san lokacin da goshina ya kai tabarma ba. Na yi ta ba da haƙuri, kalma ɗaya nake ta maimaitawa. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

"Da me kika goge shi?" in ji Sensei.

"Soson ƙarfe. Da toka."

"Ya kuwa fita." Ya fara dariya, ta koma tari, Kuwabara ya yi maza ya karɓe takobin. Da tarin ya lafa ya ce, "Ɗago kanki, Mitsue-san. Na koya miki cizon takarda, na koya miki rusunawa, na bar abin da na ɗauka duk duniya ta sani. Laifina ne." Ya juya fuskarsa bango. Na ga hawaye ya bi gefen hancinsa ya shiga filo.

Bai sake zancen takobin ba. Washegari na kai masa awara, ya ci cokali biyu, na san don ni ya ci. Laraba da sassafe ya cika, ina riƙe da kofin ruwa.

Aka kwantar da shi kansa na arewa, aka rufe fuskarsa da farin ƙyalle, aka kunna turare. Kuwabara ya zo tun kafin 'yan uwa su iso daga Nagoya. Muka zauna mu biyu a gefensa. Da na kasa daurewa na ce, "Don girman mamacin nan, a ganinka wa ke da gaskiya?"

Ya daɗe yana kallon hayaƙin turaren. "Na fi shekara goma ina zargin shi ne. Amma a sana'armu ba ka faɗin abin da idonka bai gani ba. Ga jirgi kullum yana wucewa ta ƙofar gidana, na zauna ina cewa sai wani watan."

Mai shirya gawa ya shigo da 'yar wuƙar katako a jakar zane, irin wadda suke ɗora wa kowane mamaci a ƙirji ta tsare shi a hanya. Kuwabara ya ɗaga masa hannu.

"Mayar da ita. Yana da nasa." Ya juyo gare ni. "Ke za ki ɗora."

"Ni? Da wane hannun?"

"Da wanda kika ba shi abinci."

Na ɗauko takobin da hannu biyu, na durƙusa, na ajiye shi a kan farin mayafin, tsinin na kallon ƙafafu. Na janye hannuna. Muka zauna muna kallonsa, kwance daram a tsakiyar ƙirjin, ba ya hawa ba ya sauka.