Hoton Mama Liatu

Tun da ruwan Agusta ya kayar da fuskar tsofaffin shagunan Layin Teloli, Radiyya ba ta samu zama ba. Ita ce sakatariyar ƙungiyar masu shagunan, kuma ita ta dage a taro cewa kada a rushe, a mayar da ginin ƙasar yadda yake tun asali. Aka amince. Sai aka rasa mai tuna kamanninsa kafin a lafta masa siminti shekaru arba'in da suka wuce.

Baba Bakari mai ɗinkin manyan riguna ya rantse zankwaye huɗu ne a saman ginin. Alhaji Mansir ya ce shida. Hammajoda magini ya jingine cebur.

"Hajiya, ku nemo mini hoto. In Asabar ta yi babu, aiki na jirana a Inkil."

Kwana uku tana hawa keke tana sauka, ko abincin kirki ba ta ci. A unguwar Ɗan Iya ta tarar gara ta cinye akwatin wani tsohon mai hoto. Matarsa ce ta ce ta gwada Tirwun, akwai wata tsohuwa, Mama Liatu, da ta taɓa ɗinki a layin.

Da Radiyya ta je ta faɗi abin da ke tafe da ita, tsohuwar ta daɗe tana kallonta kafin ta ciro hoto daga bango. Ga ta nan budurwa, dafe da sabon keken ɗinki, a bayanta shagunan: zankwaye biyar, ƙofofi masu lanƙwasa.

"Mama, ara mini, gobe in dawo da shi."

"Ba ya fita shi kaɗai, 'yata. Bari in ɗauko gyalena."

Suna isa, Baba Bakari ya cire tabarau ya mayar.

"Liatu? Ke ce?"

"Ni ce, Bakari. Kai, ka tsufa!"

Magini ya karɓi hoton, dattawa suka rufe shi da sabuwar gardama. Ita kuwa Mama ta tsaya a ƙofa ta uku tana shafa bango, sannan ta jawo hannun Radiyya.

"Jikata Peculiar ta gama koyon ɗinki, a tsakar gida take yi. Wannan shagon akwai kowa?"

"Tun bara yake kulle, Mama."

Ran Litinin Radiyya ta kai maganar gaban ƙungiya. Ginin bai gama bushewa ba Peculiar ta kawo kekenta. Mama na zuwa duk Talata, ta zauna a bakin ƙofa tana kushe mata kalmasar ɗinki.