Zomon Bayan Arfa

Ruwan ƙarshen sanyi ya sauka, duwatsun bayan Arfa suka yi kore shar, Marwan ya ga ranar da zai yi maganin Issoufou ta zo.

Issoufou mutumin garin Tawa ne, mai gasa tsire a unguwar Mansur, kuma Rabi yake nema da aure, ƙanwar Marwan. Hajiya, uwarsu, ta kusa amincewa, don ta ce mutum ne mai tsoron Allah. Marwan kuwa ko inuwarsa ba ya son gani. Laifin Issoufou ɗaya, ya taɓa faɗa a gaban Hajiya cewa shi maharbi ne ɗan maharbi.

"Yalla, shiga mota," in ji Marwan. "Yau za ka nuna mini naman daji, ya shekh."

Issoufou ya san gatse ne, amma mai nema ba ya fushi. Ya ɗauko kerensa, sandar jifa mai lanƙwasa da ya zo da ita daga gida, ya shiga.

Suka bar kwalta, suka yi ta bin hanyoyin makiyaya. Issoufou ya ga sawu a rairayi, ya ce a tsaya. Marwan ya danna ham har sai da tsuntsaye suka watse.

"Yaya Marwan, in kana wannan ƙara, mi za mu gani?"

"Wa ne yayanka? Ka bari a ɗaura tukuna."

Haka aka wuni. Suka ga raƙuma, suka ga wani mataccen jaki, Marwan ya ce ga barewar Tawa nan. Ya ce ƙaryar baƙo ba ta da mai ƙaryatawa, shi ya sa kowa a garinsu sarki ne. Issoufou ya yi ta haɗiye fushinsa. Bai taɓa tsanar mutum kamar yadda ya tsani wannan ba.

Da la'asar suka juyo ta wajen Muzdalifa. Sai ga zomo, ƙato, ya tsallaka hanya ya laɓe gindin wata ƙaya.

"Tsaya!"

Abin mamaki, wannan karon Marwan ya tsaya, kuma bai taɓa ham ba. Wayarsa kawai ya ɗaga, ya fara ɗaukar bidiyo.

Issoufou bai yi tunanin komai ba, hannunsa ne ya tuna gida. Zomon ya zabura, kere ya tare shi a wuya, ya wuntsila. Jifa ce da ubansa ma zai yaba. Ya yanka shi da bisimilla, ya ɗago shi ta kunnuwa, yana haki.

"To ga shi! Yanzu wa ke ƙarya?"

"Masha Allah," in ji Marwan cikin sanyin murya. "Waiga bayanka."

Can baya kaɗan, fararen ginshiƙan iyakar Harami ne a tsaye. Sun wuce su. A cikin nan ko korar dabbar daji ba a yi, balle kisa, kuma Issoufou ya san haka kamar yadda ya san sunansa.

"Ka ga mun wuce su, amma ka ƙyale ni na jefa," in ji Issoufou.

"Ni na jefa?" Marwan ya latsa wayar. "Halas, shi ke nan, bidiyon ya tafi wurin Hajiya. Mai tsoron Allah!"

Issoufou ya tsaya da zomon a hannu, da sauran ɗuminsa, ya rasa inda zai ajiye shi.