Rauta a Bayan Tiren Biki

Ni dai ban ƙi Joshuwa don komai ba sai don ranar Lahadi. Mutum ne mai kirki, ba zan yi masa sharri ba. Ɗan Filato ne, tare suke aiki da mijina Ɗahiru a wani kamfanin jimar fata a Challawa, kuma duk sanda ya je garinsu sai ya kawo min dankalin Turawa. Amma ku duba min Allah. Litinin zuwa Asabar Ɗahiru yana kamfani, ya dawo min da warin fata da gajiya, ya ci tuwo yana gyangyaɗi. Lahadi kaɗai gare ni. Ita ɗin ma da an idar da azahar sai in ji ƙarar babur a ƙofar gida. Joshuwa ya taso daga coci, tun daga Bompai har Na'ibawa, ya zo su buga ƙwallo a talabijin.

Gem ɗin, wato wasan ƙwallon, a cikin kwamfuta yake, ita kuwa kwamfutar tana ƙuryar ɗaki. Hoton ne yake biyo iska ta cikin rauta, ɗan akwatin nan mai ƙahoni biyu, ya fito a talabijin ɗin falo. Ɗahiru da kansa ya haɗa abin, kuma duk wanda ya shigo gidanmu sai ya sha bayani ko bai tambaya ba. Su zauna a kan kafet, kowa da fad ɗinsa, abin sarrafa wasan, a hannu yana dannawa, ni kuwa in shigo da abinci, in fita da kwanuka. Irin dariyar da yake yi idan Joshuwa ya ɓarar da ƙwallo, wallahi ban taɓa samun rabinta ba. Kishi nake yi, kuma na san kishi nake yi.

Farkon abin ba da gangan na yi ba. Wata Asabar ina goge falo, sai na ga rautar nan a kan shokes ɗina ta ɓata min jere. Shokes ɗin da gwaggona ta yi yini guda tana jera min tukwanen silba da tirarrukan biki a ciki, a zo a ɗora masa abu mai kama da kan akuya? Na zura wayarta ta baya, na tura ta can ciki, na jingina babban tiren ƙarfe a gabanta. Falo ya yi kyau abinsa.

Washegari suka zauna wasa. Ba a yi minti biyar ba na ji Ɗahiru ya ce, "Kai! Na danna fa, na danna!"

Na leƙo daga kicin. Ɗan wasan da ke cikin talabijin ya daskare da ƙafa ɗaya a sama, can sai ya zabura, ƙwallo har ta shige raga. Idan suka danna yanzu, sai an ja numfashi kafin abin ya motsa. Suka kashe suka kunna, suka sake kashewa. Kafin la'asar Joshuwa ya miƙe ya ce yau abin ba ya yi, bari ya tafi. Ranar ni da mijina muka zauna a tsakar gida muna ɓare gyaɗa har magariba. Ya ba ni labarin shugaban sashensu, na yi dariya har da hawaye.

Ba ni da ilimin kwamfuta, amma ba ni da wauta. Ranar Talata na janye tiren, na ga bidiyo a wayata yana tafiya sumul. Na mayar da shi, ya fara tsaitsayawa. Na tsaya ina kallon fuskata a jikin tiren, sai na ɗauko na biyu na jingina ta ɗaya gefen, na ƙara da murfin tukunya a sama.

Mako uku Ɗahiru yana fama. Ya rage kyan hoto har 'yan wasan suka koma kamar an zana su da alli. Ya ce in kashe wayata idan suna wasa, na kashe da ladabi. Ya zargi kamfanin layi, ya zargi batirin sola, ya zargi maƙwabcinmu Malam Isyaku da satar masa wayfay, ya canza lambar sirri sau biyu. Da yake fitilar rautar tana hasko jikin gilashin shokes, shi a ganinsa lafiyarta ƙalau, bai taɓa buɗewa ba. Dama namiji ba ya taɓa kayan jeren mace.

"Yaya, ko ka haƙura da shi haka?" na ce masa wata rana, ina yi masa fifita.

"Fiddausi, ba gem ɗin ba ne. Abu na haɗa da hannuna, kuma ya gagare ni. Shi ke ci min rai."

Na ci gaba da yi masa fifita, amma ban cire tiren ba.

Lahadi ta huɗu Joshuwa ya zo da shirinsa. Ya ce a manta da layin waje, tunda hoton daga ƙurya zuwa falo kawai yake tafiya, matsalar a cikin gidan take. Ya buɗe wani abu a wayarsa mai nuna ƙarfin wayfay, ya riƙa yawo da ita a falo kamar mai neman allura. Ɗahiru ya shiga ƙurya duba kwamfuta. Ni ina tsaye a bakin labule da jug ɗin zoɓo.

Ya tsaya a gaban shokes. Ya durƙusa ya leƙa ta gilashi. Tire a gaba, tire a gefe, murfi a sama. Ko yaro ya gani ya san ba jere ba ne wannan. Ya ɗago ya kalle ni, na kalle shi. Na jira ya kira abokinsa.

"Madam, zoɓon nan da sanyi?" Abin da ya ce ke nan.

Da Ɗahiru ya fito yana tambayar ko ya gano wani abu, Joshuwa ya sa wayarsa a aljihu. "Mutumina, gidan nan ne bai karɓi abin ba. Ka bar wahala. Sati mai zuwa ka kawo kwamfutan gidana, ina da dogon waya, mu haɗa shi kai tsaye da talabijin."

Ya rufa min asiri, ban musa ba. Amma da wannan rufin asirin ya ɗauke min miji ɗungurum.

Lahadin da ta biyo, tun kafin azahar Ɗahiru ya naɗe kwamfuta a bargo, ya tari adaidaita, ya tafi Bompai. A da ko ba komai ina jin muryarsa ta bango, ina wucewa ya ce sannu. Yanzu falo shiru, sai ƙarar firji. Na dafa shinkafa da wake na mutum biyu bisa sabo. Na zauna, na tashi, na goge abin da na riga na goge. Da la'asar ta yi na kasa daurewa na kira shi.

"Fiddausi! Ko sau ɗaya bai maƙale ba, kin ji? Kamar ruwa!"

A bayan muryarsa na ji wata mace tana ihu tana tafi.

"Wace ce wannan?"

"Rut ce mana, matar Joshuwa. Ta ci ni uku da nema, kin ji abin kunya. Ashe kullum tare suke bugawa."

Na riƙe wayar da kyau. "Shekara guda ina kawo muku abinci a falon nan. Ko sau ɗaya ba ka taɓa miƙo min fad ɗin ba."

Na ji ya fita daga cikin hayaniyar.

"Ai ban san kina so ba. Kullum sai ki ajiye abinci ki fita da fushi, na ɗauka ƙarar ce ke damunki."

Na juya na kalli shokes. Na buɗe gilashin da hannu ɗaya, na zare murfin, na zare tire na farko, na zare na biyu. Na fito da rautar na ɗora ta a sama inda take a da, ƙahoninta a miƙe.

"Sati mai zuwa ku dawo nan," na ce. "Ku zo da Rut. Na gyara abin."

"Ke? Me kika gyara?"

"Idan ka dawo zan nuna maka. Ka ci abinci a can?"

"Na ci."

Na kashe wayar. Na zuba shinkafata a kan babban tiren, na zauna a kafet, daidai inda Joshuwa yake zama, na ci ni kaɗai.