Koriyar Kwalba a Gubaira

Duk Bahaushen da ke unguwar Gubaira a Riyad ya san Maikuɗi, ya kuma san kuɗin a suna suka tsaya. Abin da Allah ya hore masa da yawa shi ne baki. Direba ne a wani kamfanin kayan gini, hannunsa a sitiyari lafiya lau, amma harshen nan in ya ɗauko gudu ko jar danja ba ya gani. Shi ne fa ya taɓa sa wani sabon zuwa ya tuɓe takalmi a ƙofar jirgin metro, wai doka ce, bawan Allah ya rungume su a ƙirji har tashar Baɗaha Larabawa na kallonsa.

To wannan karon an ja masa kunne. Fiddausi ce ta kira, yarinyar da yake nema a Funtuwa tun hutun da ya je bara.

"Yaya Uwais ya samu aikin gyaran AC a unguwar Shifa, nan garinku," in ji ta. "Baba ya ce ya sauka wajenka kafin a ba shi ɗaki, ya ga zamanka. Abin da ya faɗa, shi Baba zai ɗauka. In ya ce a'a, an rufe maganarmu. Don girman Allah, Maikuɗi, ka ɗaure bakin nan."

"Ni? Ai daga yau bebe ne ni."

"Beben ne yake ta zuba haka?"

Binciken aure ne dai da kowa ya sani, sai dai maimakon a zagaya wajen maƙwabta da limamin unguwa, an aiko mai binciken da jakarsa har gefen katifa.

Kuma wallahi Maikuɗi ya yi ƙoƙari. Ya rage murya, ya goge waƙoƙin da ke motar, ya koma amsa kowace magana da "haka ne" da "Allah ya kyauta". Har abokan ɗakinsa suka fara tambaya ko kafil ne, Balaraben da ya tsaya masa, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar zaman ƙasa. Shi kuwa Uwais dogo ne shiru-shiru, da ɗan gemu, fuskar nan a ɗaure kamar an aiko shi ta'aziyya. Ya kalle ka, ya kalli takalminka, ya ce "to". Irin fuskar da ke sa harshen Maikuɗi ƙaiƙayi ke nan. Kullum sai ya cije leɓe, ya tuna Fiddausi, ya haɗiye.

Ranar Juma'a ba aiki. Bayan an idar da asuba an ɗan taɓa karatu, gari ya yi haske, Maikuɗi ya ce, "Yaya, zo mu je mu karya."

Bufiyar wani Bayamane ce a bayan layin masu walda, ɗan shagon karin kumallo mai teburan roba a waje. Akwai ful, wato dafaffen wake, akwai gurasar tamis mai zafi, ga ƙwai, ga shayi. A firij kuma akwai ruwan sha'ir, wanda ake sayarwa a kowace baƙala, wato kantin unguwa, har yara na sha, babu ɗigon maye a ciki. Maikuɗi kan kora ɗaya kafin ya ci komai, don direbobi sun ce yana wanke ƙoda. Sai dai kwalbar nan, wanda ya ƙera ta bai yi wa Musulmi adalci ba. Koriya ce, doguwar wuya, ga hula da ake ɓallewa, ga kumfa, ga ɗaci. Sak wadda ake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur a Sabon Gari.

A teburin suka tarar da Alhaji Bashari, ma'aikacin ofishin jakadanci, dattijo mai tumbi da son labari. A can unguwar Badi'a yake zaune, amma duk Juma'a sai ya taso Gubaira don ful da Hausa. Ya yi aiki a Landan kafin a dawo da shi nan, kuma ba ya bari a manta.

Maikuɗi ya ɓalle kwalba biyu, ya tura wa baƙonsa ɗaya. Allah ya sani, a lokacin ba da wata manufa ba. Uwais ya yi bismilla ya kafa kai, ya sha kusan rabi, sannan ya yamutsa fuska.

"Da ɗaci. Lemon mene ne wannan?"

Kumfa ta maƙale masa a gemu. Maikuɗi ya kalli kumfar, ya kalli fuskar ta'aziyyar nan. Ya ji muryar Fiddausi a kunne ɗaya. Kafin ta ƙarasa gargaɗin, harshe ya riga ya tsallake danja.

"Lemo? Sassauta murya, Yaya." Ya waiga hagu da dama. "Nan ce mashayarmu. Da sassafe kaɗai ake fito da ita, kafin hukuma ta farka."

Uwais ya ajiye kwalbar a hankali kamar za ta fashe.

"Giya na sha?"

"Ta safe ce, ba ta da nauyi."

"Da safe? Ranar Juma'a?"

Alhaji Bashari ya ga wasa ya yi daɗi, ya gyara zama ya tsoma gurasa a ful.

"Ai samari, maganar safen nan ita ce maganar. Lokacin da nake Landan, akwai mashayar da ke buɗewa tare da masu shara. Su a wajensu, wanda ya sha da yamma bayan aiki mutumin kirki ne, har oga zai zo ya taya shi. Amma a gan ka da kofi da sassafe? Shi ke nan, an yi maka jana'iza kana zaune. Matan da ke kai yara makaranta su leƙo ta taga su girgiza kai. Alhali wani ma'aikacin dare ne, yanzu ya tashi, safiyar nan ita ce yammarsa, amma wa zai tsaya tambaya? Sai fa a filin jirgi. Can ba agogo, kowa waliyyi ne. Ka ga mutum da jaka yana kurɓa da duku-duku, a ce ai hutu zai tafi."

"Ka ji ko, Yaya?" in ji Maikuɗi, yana danne dariya. "Mu ma ai matafiya ne."

Uwais ya dafe goshi. Can ya miƙe, ya yi taga-taga, ya riƙe kujera.

"Kaina na juyawa. Titin nan guda nawa ne?"

Maikuɗi ya fashe da dariya, har da buga tebur. Amma da Uwais ya ɗaga murya ya kira Bayamanen "ɗan babana", ya nemi rungumar wani Bafilifine da ya zo sayen sanwici, masu walda suka fara juyowa, dariyar ta soma tsinkewa. Riyad ce fa nan. Ba garin da ake tangaɗi a titi ba ne, ko da wasa.

"Yaya, zauna. Wasa nake, wallahi sha'ir ne. Kamar maltar gida."

"Duk ɗan giya haka yake cewa."

"Ka karanta jikin kwalbar mana!"

"Rubutun rawa yake." Uwais ya zaro waya, ƙyas, ya ɗauki Maikuɗi da koriyar kwalba a hannu, baki buɗe. Sannan ya danna ya kara a baki, harshe na karyewa. "Baba, salamu alaikum. Aikin da ka ba ni ya ƙare. Ga mu a mashaya, gari bai gama wayewa ba. Har ni ya ɗura wa."

Maikuɗi ya kai wawura, ya makara. Yana gani saƙon ya tafi, yana gani alamar ta koma shuɗiya. A Funtuwa yanzu aka fito masallaci, kuma tsofaffi ba sa komawa barci.

Wayar ta ɗauki ƙara. Kiran bidiyo.

Malam Nu'uman, mahaifin Fiddausi, ya bayyana a zaure da carbi, ya matso da fuska har sai hanci da gilashi ake gani.

"Ba ni shi."

Maikuɗi ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna wa waya. "Baba, barka da asuba. An tashi lafi..."

"Da safe, Maikuɗi?"

"Baba, ba abin da..."

"Da safe? Ko Ɗanjuma mashayin unguwarmu, da duk lalacewarsa, sai ya je gona ya dawo, rana ta karkata, sannan ya bi ta lungu. Yana jin kunyar ido. Kai kuwa a ƙasa mai tsarki, a kan tebur, ko limamin bai naɗe darduma ba!"

Daga cikin gida wata murya ta ratso, ta mahaifiyar Fiddausi: "Da sassafe? Ko karyawa bai yi ba?"

Nan fa ya kamata mutum ya sunkuyar da kai. Amma harshen Maikuɗi ba ya shawara da mai shi.

"To Baba, da dare ne ta halatta?"

Alhaji Bashari ya rufe fuska da gurasa.

"Au," in ji Malam Nu'uman a hankali. "Har da fatawa."

"A'a Baba! Subul da baka ne! Duba, duba nan." Ya manna kwalbar a kyamara. "Ga sifili nan, ga Larabci, babu maye ko kaɗan."

"Ni Larabcin allo na karanta, ban karanta na kwalba ba."

"Alhaji, don Allah faɗa masa. Baba, ga babban mutum nan daga ofishin jakadanci."

Alhaji Bashari ya goge baki, ya leƙo ya gaisa da Malam cikin girmamawa, sannan ya ce, "Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne. Ba a ba mu izinin shiga maganar kwalba ba." Ya koma kan ful ɗinsa.

Gumi ya karyo wa Maikuɗi tun rana ba ta yi zafi ba. Ya tuna lefen da ya fara tarawa a ƙarƙashin gado, ya tuna yadda Fiddausi ke ce masa "kai dai Allah ya shirye ka" tana dariya. Duk zai tafi a kan rabin kwalbar sha'ir. Ya sauka daga kujera ya durƙusa a kan siminti, a gaban masu walda da Bayamane da kowa.

"Baba, ban taɓa shan giya ba, safe ko dare, Allah ne shaida. Ciwona ɗaya ne, bakina. Na ga fuskar Yaya ne na kasa daurewa. A hukunta ni yadda aka ga dama, amma kar a hana ni Fiddausi."

Sai ya ji ƙwal-ƙwal-ƙwal a samansa. Ya ɗaga kai. Uwais ne tsaye ƙyam, ba tangaɗi ba komai, yana ƙarasa ragowar kwalbar. Ya ajiye, ya share gemu, ya karɓi wayar.

"Baba, ya isa haka. Gwiwarsa za ta goge."

A cikin wayar Malam Nu'uman ya ƙyalƙyale da dariya har gilashi ya zame, tsohuwa na taya shi daga ciki.

"Kun... kun sani?" in ji Maikuɗi.

"Tun ranar da na sauka nake shan abin nan, har na tura wa Baba hotonsa," in ji Uwais. "Ka tuna wanda ya rungumi takalmi a metro? Jibirilla sunansa. Benci ɗaya muka zauna a firamare. Ya ce in gaishe ka."

Alhaji Bashari ya ƙware da shayi.

Uwais ya juya ga wayar, fuskar ta koma yadda take. "Ga abin da na gani, Baba. Yana salla a kan lokaci, shi ke tashina ma. Abokan ɗakinsa sun ce duk wanda ya kwanta ciwo shi ke ɗaukarsa zuwa asibiti. Abin da ya dame ni shirun da ya yi ta yi min. Kowa na cewa mutum aku ne, ni kuma ina ganin waliyyi. Na ce wanda ya iya ɓoye halinsa haka, me kuma yake ɓoyewa? Da ya kai yau da daddare yana 'haka ne, Allah ya kyauta', da a'a zan ce."

"Yanzu fa?" in ji Malam.

"Yanzu na ga kayana. Bakinsa daidai da na Fiddausi ne, ba ragi ba ƙari. In aka raba su, kowa ya auri wani, bayin Allah biyu za a cuta. A haɗa su, su ƙarata can."

"Yaya Uwais, ina jin ka fa!" Muryar Fiddausi ce daga bayan labule.

Malam Nu'uman ya gyara gilashi. "Maikuɗi, tashi. Ka turo manyanka. Kuma fatawar nan taka, ka ajiye min ita, in ka zo za mu ƙarasa."

Aka kashe waya. Maikuɗi ya hau kujera da ƙyar, ya ce wa Bayamane a kawo shayi, shayi kawai, a kofin gilashi wanda kowa zai ga abin da ke ciki. Uwais kuwa ya ɗaga yatsa, ya nuna firij.

"Mai shago, ƙaro ɗaya. Mai sanyi."

Maikuɗi ya cije leɓe. Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya tuna durƙuson da ko ƙurarsa bai kakkaɓe ba. Ina!

"Haba Yaya," ya ce. "Ta biyu? Da safe?"