Wanda Aka Yi Wa Jana'iza Da Ransa

Ranar kasuwa sojoji suka sauko da Abba Habte-Maryam daga dutse, da igiya a wuya, shi kuwa sai kaucewa yake kada ya taka barkonon da mata suka baza. Tsoho ne ɗan zuhudu, gasasshen wake da ruwan kogo sun mayar da shi kamar kara. Sojojin mamaya sun ƙone cocinmu, amma ba su sami tabot ba, allon alkawarin da in babu shi coci ɗaki ne kawai. Abba ne ya ɓoye shi, bai gaya wa kowa ba.

Tafintansu Gashaw ne, ɗan garinmu da ya sayar da bakinsa saboda kakin soja.

"Abba, faɗi ka huta mana. Katako ne fa."

"Ɗana, a gaban katakon nan aka yi maka baftisma, ka tsula wa firist fitsari a riga."

Kasuwa ta fashe da dariya. Kwamandan sojojin ya daka tsawa, Gashaw ya fassara, kansa a sunkuye: za a harbe shi, ba firist ɗin da zai yi masa addu'ar gawa, a bar wa kuraye.

A wurinmu, mutuwa wasa ce a kan tafiya ba addu'a.

Abba ya yi murmushi. "Ce masa ya makara. Ranar da na sa hular zuhudu an kwantar da ni, an rufe ni da likkafani, an karanta mini addu'ar gawa kakaf. Tambayi ƙanwata Tiruwark, har kanta ta aske ta yi makokina. Gawa yake wa barazana?"

* * *

A bayan rumfar masu gishiri suka harbe shi. Muka juya ga Tiruwark muna jiran kururuwa. Tsohuwar ta gyara mayafi, ta ɗaga kai, ta rangaɗa guɗa irin ta ranar biki. Matan kasuwa suka karɓa, har dutse yana amsawa. Ina hawaye, amma wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Kwamandan ya tambayi ma'anar wannan ƙara.

"Kuka ne, ranka ya daɗe," in ji Gashaw. "Haka muke kuka."

Sojojin sun tone dutsen har suka gaji suka tafi. Mu ma mun nema, ba mu gani ba. Tunda ba wanda ya san inda tabot yake kwance, har yau ko makiyayi in zai hau dutsen nan, a gindinsa yake tuɓe takalmi.