Rubutun Baba

…yana nan. Yana nan tsaye, Baba. Bari in kashe motar tukuna.

Awa uku ina tuƙi da tambaya ɗaya a kaina. Jiya na kira Yaya na ce a cire shingen. Na ƙayar nan nake nufi, na bayan garken awaki, wanda ya ruɓe. Ya ce to. Da safe saƙonsa ya shigo: an cire. Ina tsakiyar jera takardu a ofis gabana ya faɗi — wanne ya cire, na ƙayar ko wanda ka dasa a gona? Ni da nake duba takarda sau uku kafin in sa hannu… ban faɗi wanne ba. Na kira, na kira, ba ta shiga.

Ga shi kuwa. Kore shar, daga bakin hanya har rafi, aguwa da bini-da-zugu, lalle a tsakani. Maƙwabta sun tumɓuke nasu saboda tarakta, gonakinsu sun koma fili fetal, ido ba shi da wurin sauka. Namu kaɗai ya rage, da lanƙwasarsa… kana durƙushe kana dasa reshe, ni da kayan makaranta, ina cewa layinka ya karkace. Ka ce ruwa kake bi, ba rula ba.

Ga Yaya nan tafe, fartanya a kafaɗa. Na faɗa masa abin da ya taso ni, yana ta dariya, wai boko ya cinye mini kai.

"Malama, ai shinge kika ce. Wa yake ce wa wannan shinge a gidanmu? Rubutun Baba ne."

Rubutun Baba… Haka ne. Ka ce tunda biro ya ƙi zama a hannunka, a ƙasa za ka rubuta naka, kowa ya wuce ya karanta. Yaushe na daina kiransa haka? Wace shekara? Ashe sunan da na manta ne ya tsare shi…

Alhamdu lillahi. Iskar ma daban take a gindinsa.

Amma can kusa da rafi — giɓi. Guda huɗu sun bushe, kamar an goge kalma a tsakiyar layi. Wane wata ake dasawa? Reshen, kamu nawa? Shekara nawa ina tsaye a kanka, ban taɓa tambaya ba…

Zan tambayi Yaya. Bari dai in zauna tukuna.